Uwargida, In Tashi Daga Gidan Haya Ya Zo

  Yau zancenmu a kan gidan haya ne, musamman ranar da za a kwashe kaya a mayar wa mai shi abinsa. Kafin mu yi nisa bari in share wani ruɗani. Duk inda na ce mai gida a wannan rubutu, mai ginin da ake biya kuɗin haya nake nufi. Mijinki kuwa Malam zan kira shi, don kada wata ta ji na ce a rabu da mai gida lafiya, ta je ta ce Malama ta ba ta shawarar neman saki.

Abin da ya sa na ɗauko maganar nan wani abu ne da ya faru a kan idona a nan Unguwar Shanu da daminar bara. Wata baiwar Allah maƙwabciyarmu ta shekara biyar a ciki da falo a wani gidan yawa. Allah ya buɗa wa mijinta, ya gama ɗan gininsa a Rigasa. Murna ta ɗebe su, ba wanda ya tuna ya gaya wa mai gida, sai ranar da a-kori-kura ta tsaya a ƙofa. An ɗora gado da katifa ke nan sai ga wakilin mai gida. Ya ce akwai sauran haya ta wata uku, akwai bashin wuta, ga kuma ƙyauren makewayi da ya ɓalle. Mijin ya rantse ya ba yaron wakilin kuɗin wata ukun nan hannu da hannu. Aka ce ya kawo rasit, babu. Nan take wakili ya sa wa ɗakin kwaɗo na biyu, keken ɗinkin matar da kwallayenta da akwatin zannuwanta suna ciki.

Kwana goma sha ɗaya kayan nan suka yi a kulle kafin Mai Unguwa ya sasanta su. Aka raba kuɗin wata ukun biyu, mijin ya biya rabi, alhali wataƙila ya riga ya biya duka. Da na je yi mata jaje, ta ce da ni, "Malama, ba kuɗin ne ya dame ni ba. Kayan da uwata ta yi shekaru tana tara mini, su ne aka tsare a gaban jama'a kamar na ɓarauniya." Kulle ɗakin da wakilin ya yi bai halatta ba, za mu zo kan wannan. Amma da sun yi sanarwa da wuri, da kuma akwai takarda a hannunsu, da abin bai kai ga haka ba. Ki lura kuma, ko da yake maza ne ke ƙulla haya, in rigima ta tashi kayan mace ake tsarewa, domin kusan duk abin da ke cikin ɗaki nata ne.

Kaduna garin 'yan haya ne

Tun da Turawa suka maido hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, garin nan ya zama na ma'aikata da sojoji da 'yan reluwe, daga baya kuma ma'aikatan masaƙa. Mafi yawansu haya suka kama da suka zo, kuma aiki kan ɗauke su kamar yadda ya kawo su. Da aka ƙirƙiro jihohi 12 a 1967, ma'aikatan tsohuwar Jihar Arewa sun watsu zuwa Kano da Sakkwato da Jos da Maiduguri da Ilorin. Da aka cire Jihar Katsina daga Kaduna a Satumban 1987, Katsinawa ma'aikata da yawa sun kwashe iyalinsu sun koma gida. Rikicin shekarar 2000 da na 2002 kuwa sun sa mutane sun bar ɗakunansu ba shiri, wasu suka haura arewacin kogi, wasu suka tsallaka kudu. Allah kada ya maimaita mana irin wannan tashi.

Unguwannin da ke wannan ɓangare, wato Unguwar Shanu da Abakwa da Unguwar Sarki da Unguwar Kanawa har zuwa Kawo, cike suke da gidajen yawa, ɗaki ɗai-ɗai ko ciki da falo, ana tarayya a tsakar gida da rijiya da makewayi. Da wuya wata ya wuce ba ki ga motar kaya a wani lungu ba. Saboda haka yarinyar da aka kai ɗakin haya ranar aurenta ta san cewa akwai ranar fita, kuma shirin fitar tun ranar shiga ake fara shi. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane.

Gidan haya amana ne

Malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa ɗan haya amfanin gida ya saya na wani lokaci, ginin kuwa yana nan na mai shi, yana hannun ɗan haya a matsayin amana. Abin da ya lalace don tsufa, ko ruwan sama, ko iska, ba ya kan ɗan haya. Abin da ya lalace don ganganci ko sakaci, shi zai gyara. Dokar ƙasa ma a kan wannan take. Fentin da ya koɗe cikin shekara biyar, da kwanon da ya yi tsatsa, da katangar da damina ta zaizaye, duk na mai gida ne. Gilashin tagar da yara suka fasa da ƙwallo, da bangon da hayaƙin itace ya baƙanta don an girka murhu a inda ba madafa ba, da silin da ya ruɓe don an ga yoyo an yi shiru, waɗannan naku ne.

Wannan na ƙarshe ya kamata ki kula da shi ƙwarai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kin ga ɗigo a watan Mayu da ruwa ya fara sauka, ki sa Malam ya sanar da mai gida a lokacin. In kuka bari har ruwan Agusta ya kayar da silin, laifin ya dawo kanku ko da asalin ɓarnar daga tsohon kwano take.

Sanarwa kafin tashi

Abu na farko da za a yi in an yanke shawarar tashi shi ne a duba yarjejeniya, in an rubuta. Wa'adin sanarwar da aka rubuta a cikinta shi ke aiki. In ba a rubuta komai ba, akwai ƙa'idar da kotunan ƙasar nan suka daɗe suna bi tun zamanin Turawa a kan wa'adin da mai gida zai ba ɗan haya. Mai biya mako-mako, mako ɗaya. Mai biya wata-wata, wata ɗaya. Mai biya duk wata uku, wata uku. Mai biya shekara-shekara, wata shida. In wa'adin ya cika ɗan haya bai fita ba, sai a ƙara masa takarda ta kwana 7 cewa mai gida zai kai magana kotu. Amma wanda bashin haya ya taru a kansa yana iya rasa wannan dogon wa'adi, haka kuma wanda tun farko aka rubuta masa ranar shiga da ranar fita.

To, yadda kuke so a ba ku wa'adi, haka shi ma mai gida yake so. Da yawa daga masu gidajen unguwar nan tsofaffin ma'aikata ne da suka yi ritaya, ko gwauraye mata, ko marayu da suka gaji ɗakuna uku ko huɗu. Da kuɗin hayar nan suke cin abinci. In kun fita ba labari, ɗaki ya zauna wata biyu babu kowa, kun cuce su. Ku ba da sanarwa gwargwadon irin hayarku. In abin gaggawa ne, kamar canjin wurin aiki, ku faɗa ranar da kuka ji.

Sanarwar baki ba ta isa ba. Malam ya je da kansa ya gaida mai gida ya gaya masa, wannan ladabi ne, sa'an nan ya miƙa takarda. Ba sai an nemi lauya ba, 'yarki 'yar aji shida ma ta iya rubutawa. Ga misali:

"Zuwa ga Alhaji mai gida. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina sanar da kai cewa in Allah ya yarda zan tashi daga ciki da falon da nake haya a gidanka da ke Unguwar Shanu ranar 31 ga Agusta. Hayata ta biyu har zuwa wannan rana. Ina roƙo a sa mana ranar da za a zo a duba ɗakin tare. Na gode da zaman da muka yi. Haza wassalam."

A sa kwanan wata da suna da sa hannu. A rubuta guda biyu, mai gida ko wakilinsa ya sa hannu a ɗaya ya dawo muku da ita. Ki adana ta a inda kike adana takardar haihuwar yara.

Ku kuma tsaya a kan ranar da kuka faɗa. Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Duk kwanan da aka ƙara bayan haya ta ƙare, mai gida yana da ikon neman kuɗinsa. Misali, in hayarku Naira 240,000 ce a shekara, wata ɗaya ya kama Naira 20,000. In kun ƙara wata biyu kuna jiran a gama shafen sabon gida, kun ci bashin Naira 40,000. Haka nan in kun biya shekara kuka fita a wata na takwas, kada ku ɗauka dole ne a maido muku ragowar. Wannan sai da yarjejeniya ko da yardar mai gida, galibi kuma sai ya sami wanda zai shiga. Kada kuma ku sa wani a ɗakin ya cinye ragowar watannin ba da sanin mai gida ba.

Takarda ita ce shaidarku

Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Amma mu sai mu ce ai Alhaji kamar uba yake gare mu, kunya ba za ta bari mu nemi rasit ba. Alhaji mutumin kirki ne, gaskiya ne. To in ya rasu fa, magada suka zo da littafinsu? In ya sayar da gidan fa? In yaron da aka aiko karɓar kuɗi bai kai ba fa?

Uwargida, wannan aikinki ne, domin Malam yana fita da safe sai dare, aljihunsa kuma wanki ke cin takardun da ke ciki. Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi. A shafin farko ki rubuta ranar da kuka shiga, da kuɗin haya, da la'adar dillali, da kuɗin ajiya in an karɓa domin gyaran ɓarna. A shafi na biyu ki rubuta yadda kuka sami ɗakin: taga ɗaya ba gilashi, simintin falo ya fashe ta kusurwa, makulli biyu aka ba mu. Duk biyan da aka yi ki rubuta rana da adadi da wanda ya karɓa, ki liƙa rasit. In ta banki aka tura, kamar yadda mutane da yawa suka koma yi tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, kada a dogara da saƙon waya kaɗai, domin waya tana ɓata. A buga shaidar a takarda a liƙa.

Ku 'yan makaranta, ga inda iliminku zai yi rana tun yanzu. In Inna ko Mama ba ta yi boko ba, ke ki riƙe mata littafin nan. In da ajami ta iya, ta rubuta da ajami, shi ma shaida ne. Lissafin da muke koya muku a aji, na tarawa da ɗebewa da rabawa, shi ne dai wannan.

Gyara da tsabta

In ya rage wata ɗaya, ki zagaya ɗakin da littafinki a hannu, ki gwada yadda kuka same shi da yadda yake yau. Mu mata mun san ɓarnar da jere ke yi wa bango. A cire ƙusoshin labule da na hotuna da na kabad, a toshe ramukan da ɗan siminti ko filasta. In an ɗaga ledar ƙasa a kankare gam ɗin da ya manne. Bangon da yara suka yi wa zane da gawayi ko biro a wanke, in bai fita ba a shafa fenti. A kira kafinta ya gyara ƙyaure da sakata. Gyaran da za ku yi da kanku da kuɗi kaɗan, in kun bar wa wakili shi zai faɗi nasa farashin.

Akwai kuma abin da kuka ƙara da kuɗinku. Fanka da ƙwan lantarki da tankin ruwa na roba da sandar labule naku ne, ku kwance abinku, amma ku gyara gurbin. Abin da aka kafe a jikin gini kuwa, kamar tayil, da ƙarfen taga da aka binne a bango, da rumfar da aka gina, da rijiyar da aka haƙa, galibi ya zama na gida, ɓalle shi ɓarna ce. Saboda haka kafin ki zuba kuɗin adashinki a tayil a ɗakin da ba naki ba, Malam ya zauna da mai gida a rubuta ko za a cire kuɗin daga haya. In ba a rubuta ba, ki ɗauka kin yi sadaka.

Ranar ƙarshe a share ɗaki tas, a yi yanar gizo, a wanke makewayi da madafa, a yashe rariya. Kada a bar tsummokara da fasassun kwanoni da tsohuwar katifa a tsakar gida don wani ya kwashe. Matar da za ta shigo bayanki ba ta san ki ba, amma da ta buɗe ƙofa za ta san irin matar da kike, kuma matan gida za su gaya mata sunanki.

Wuta da ruwa da ƙananan basusuka

Rabin rigimar tashi a kan wuta take. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, daga 2013 aka fara miƙa rarraba wuta ga kamfanoni, yanzu Kaduna Electric ke ba mu wuta, ko da yake har gobe 'yan Nepa muke cewa. In mitarku mai kati ce, a duba ko akwai tsohon bashi da ake cirewa duk lokacin da aka sayi wuta, a kuma bar katin ko lambar mitar ga mai gida. In takardar bil ake kawowa, a biya ta watan ƙarshe, a rubuta abin da mita ta nuna ranar fita, a ɗauki hotonta da waya. In gidan yawa ne ana karo-karo, a biya wa mai tarawa a gaban wani, ya soke sunanku a littafinsa. Haka za a yi da kuɗin famfo, da na shara, da na 'yan sintiri, da kason ku na kwashe masai.

Sauran kuma naki ne ke kaɗai, wanda Malam ma wataƙila bai san da shi ba: mai ruwa da ke zuba miki garwa biyu kullum, mai kanti, mai gawayi, mai niƙa, da uwar adashi. In kin riga kin kwashi adashi, kada ki tashi sai kin zauna da ita kun shirya yadda zubi zai riƙa zuwa. Turmi da rariyar tankaɗe da tukunyar biki da kika ara, ki mayar. Wanda aka ara a wurinki ki karɓa da fara'a.

Yara da makaranta

A matsayina na malama, wannan yana ci mini rai. Sau da yawa sai mu wayi gari yarinya ta daina zuwa, sai 'yan ajinsu su ce ai sun tashi. Ba takardar canjin makaranta, ba katin sakamako. A can kuma sai a ƙi karɓarta, ko a mayar da ita aji na baya, wata ma daga nan karatun ya tsaya ke nan, a ɗora mata talla. In da hali, a daidaita tashi da dogon hutu, yara su fara sabuwar makaranta a Satumba tare da kowa. In dole ne a tsakiyar zango, ki zo da kanki wurin shugaban makaranta mako biyu kafin ranar, a rubuta miki takarda. Yarinyar da aka riga aka yi wa rajistar jarrabawar fita, gara ta zauna wurin Gwaggo ko Kaka ta gama. Katin rigakafin jariri da katin awonki kuma ki sa su a jakar hannu, kada su shiga buhun kaya.

Ranar miƙa makulli

Haya ba ta ƙare ba sai makulli ya koma hannun mai shi. Wasu sukan kwashe kaya su kulle ɗaki su tafi da makulli, wai sai sun dawo ɗaukar turmi. Muddin makulli yana hannunku, ɗakin yana wuyanku, kuɗi yana hawa, in an yi sata ko gobara ku za a tambaya. Kada kuma a bar shi wurin yaron maƙwabta ko a ƙarƙashin dutse.

A sa rana da hantsi, lokacin da ido ke ganin komai. Mai gida ko wakilinsa ya zo, Malam yana nan, da shaidu biyu, ɗaya daga cikin 'yan gida, ɗaya daga dattawan unguwa. A shiga ɗaki wayam a duba bango da silin da tagogi da famfo da makunnin wuta. A ɗauki hoto. In akwai abin da ya rage, a yanka kuɗinsa a wurin. In akwai kuɗin ajiya, a cire na gyara a maido saura, ko a rubuta ranar da za a maido. Sa'an nan a ƙirga makullai yadda aka ba ku, har da waɗanda kuka yanka daga baya, a miƙa. A rubuta layi uku: an karɓi ɗaki lafiya, an karɓi makulli kaza, babu bashi tsakani. Kowa ya sa hannu.

Ke kuma ki shiga wurin Hajiya matar mai gida, ki durƙusa ki ce, "Hajiya, za mu tashi. Zama ya yi zama, abin da muka yi muku da wanda yara suka yi, a yafe mana." Ki bi ɗakunan matan gida ɗaya bayan ɗaya, har wadda ba kwa ga maciji da ita. Zo mu zauna zo mu saɓa ne. Sau da yawa sabon mai gida yakan aiko a tambayi halin mutum a inda ya baro, kuma ba ki san ranar da za ki dawo unguwar neman ɗaki wa ƙanwarki ba.

In rigima ta tashi

Ki sani, kuma ki sanar da Malam, mai gida ba shi da ikon cire rufi, ko ɓalle ƙyaure, ko watsa kaya waje, ko kulle ɗaki da kayan mutane a ciki, ko da ana bin ku bashi. Kotu ce kaɗai ke ba da umarnin fitar da ɗan haya, ma'aikatanta ne kuma ke zartarwa. In an yi muku haka kada Malam ya ɗauko guduma, kada ke ma ki fito tsakar gida da zage-zage. A kira shaidu su gani, a tafi wurin Mai Unguwa ko limami, domin yawancin irin wannan a zaure ake kashe ta. In ta ƙi, akwai kotu. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya neman shawara a Hukumar Taimakon Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kaduna. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana da reshe a nan. Duk inda za a je, littafin nan naki shi za a fara tambaya.

Akwai wani hali mai ban tausayi da ya kamata kowace mace ta san hukuncinsa, wato in Malam ya rasu kuna gidan haya. A mazhabar Malikiyya da muke bi, kamar yadda ya zo a littafin Risala da ake karantawa a zaurukan malamai, haya ba ta warwarewa don mai zama a gida ya mutu. Matar da ke takaba kuma, wata huɗu da kwana goma, a ɗakin da mijinta ya bar ta za ta yi, kuma tana da haƙƙin zama in ya riga ya biya hayar. Saboda haka ba daidai ba ne a zo ranar sadakar bakwai a ce wa mace ta fita an sami wani. In hayar ta ƙare a tsakiyar takaba, dangin miji da nata su taru su biya watannin da suka rage. Nan ma rasit ne zai nuna inda biyan mamaci ya tsaya.

Ga 'yan uwana da Allah ya ba gidan haya, ko matan masu gidaje, ku ma ku ji tsoron Allah. Ku ba da rasit ba sai an roƙa ba. Kada ku ɗora wa ɗan haya gyaran tsufan gida. Kuɗin ajiya ba kyauta ba ne, ku mayar. Wanda ya zauna da ku lafiya shekara da shekaru, in ya nemi alfarmar mako guda, ku yi masa.

Ita maƙwabciyar tamu tana Rigasa yanzu a gidan kansu, har sun sa 'yan haya a ɗaki ɗaya na waje. Da na kai mata ziyara bayan Sallah, ta ɗauko wani littafi mai baƙin bango daga ƙarƙashin filo ta nuna mini. 'Yarta ta aji biyar ce ke rubutawa, duk wata kuma tana yanka wa matar ɗan hayar rasit.

Allah ya ba kowace mace ɗakin kanta, waɗanda ke haya kuma Allah ya haɗa su da masu gida na kirki, ya sa a rabu da arziki, amin. Sai mun sadu a fili na gaba.